Kwanon gilashi mai siffar fure ya tsage bayan kwana uku, ina kuskuren yake?

Ummu_Fure

Assalamu alaikum malamai da 'yan'uwa masu aikin narka gilashi a tanderu. Don Allah a duba mini wannan aikin, a nuna mini inda aka kuskure.

Kwanon ado ne mai siffar fure, faɗinsa santimita 24. Ganyen furen takwas ne, huɗu ja, huɗu ruwan ɗorawa, duk an yanko su daga gilashi mai kaurin milimita 3. Jan na kamfanin Bullseye ne, masu yin gilashin narkawa. Ruwan ɗorawar kuwa guntaye ne daga shagon masu gilashin taga, babu wata alama a jikinsu. An jera ganyen a cikin mazubin yumɓu mai zurfin santimita 7, gindinsu ya hau kan juna a tsakiya har ya kai hawa huɗu, bakinsu kuma falle ɗaya ne. Gashi ɗaya aka yi: digiri 300 a awa har zuwa 780 a ma'aunin Selshiyas, aka tsaya minti 15, aka sauko 482 aka tsaya minti 30, sannan aka kashe tanderu.

Da aka buɗe, bakin ganyen ya tsuke ya fito da tsini kamar ƙaya, jan ya yi hazo ba ya sheƙi, farar hodar mazubi kuma ta manne a gindi. Bayan kwana uku, yana ajiye a kan tebur babu wanda ya taɓa shi, sai aka ji ƙas, ya rabe biyu. Me ya jawo? Kuma yaya ake jera ganyen yadda za su fito a rarrabe kamar na furen gaske, kwanon kuma ya yi ƙarko?

Baban_Tanderu

Wa alaikumus salam, Malama. Matsalolin huɗu ne a ido, amma uku daga cikinsu daga abu biyu suka fito: kaurin da bai daidaita ba, da haɗa gashi biyu, na haɗe gilashin da na kwantar da shi a mazubi, a wuta ɗaya.

Gilashi idan ya yi laushi a wajen digiri 800, kaurin milimita 6 yake nema. Wanda ya fi haka sai ya baje, wanda bai kai ba sai ya janyo jikinsa ya tattaru. Bakin ganyenki milimita 3 ne, shi ya sa ya tsuke. Yayin da yake janyewa, wasu wurare suna kama jikin mazubi, su ne suka zama ƙayoyin nan. Tsakiyar kuma milimita 12 ce. Kin ga ke nan a kwano ɗaya akwai wurin da ya ninka wani sau huɗu. Siririn yana hucewa da wuri ya daskare, mai kaurin yana nan da zafinsa yana ci gaba da tsukewa, sai su riƙa jan juna. Wannan ja-in-jar ba ta fita, tana nan a ɗaure cikin gilashin har ranar da ɗan sanyin asuba ko ɗan girgizar tebur zai kwance ta.

Maganinta shi ne tsayawar da ake yi a 482, wadda ake kira anilin, da saukowa a hankali bayanta. Jadawalin kamfanin Bullseye ya ba gilashi mai milimita 6 awa ɗaya a 482, mai milimita 12 awa biyu, mai milimita 25 awa huɗu, sannan a sauke wannan na ƙarshe da digiri 15 kacal a awa zuwa 427. Wancan lissafin na gilashin da kaurinsa ɗaya ne ko'ina. Idan aiki mai tudu da kwari ne irin naki, abin da aka saba shi ne a ninka wurin da ya fi kauri sau biyu a yi masa lissafi a kan haka. Wato naki awa huɗu yake so, ya samu minti 30.

Ga jerin da zai ba ki milimita 6 daga tsakiya har baki, ganye kuma a rarrabe. Hawa biyu ne.

Hawan ƙasa farin gilashi ne garai, wato marar launi da ake gani ta cikinsa, mai milimita 3. Kada ki yanka da'ira, ki yanka mai kusurwa takwas, wanda daga gefe zuwa gefen da ke fuskantarsa santimita 14 ne. Kowane gefe zai zo santimita 5.8. Amfaninsa shi ne duk yankan miƙaƙƙe ne, babu yankan lanƙwasa ta ciki, wanda shi ne ya fi ɓarnar gilashi. Sai ki yanka guntaye takwas na farin, kowanne faɗin 5.8 a gindi, tsawo 5, bakinsa a zagaye kamar kan ganye, ki jingina kowanne da gefe ɗaya.

Hawan sama shi ne mai launi. Kowane ganye tsawonsa santimita 12: daga tsakiya yana buɗewa da kusurwar digiri 45 kamar yankan kankana, idan ya kai santimita 7 faɗinsa ya zama 5.8, daga nan sai ya bi siffar farin da ke ƙarƙashinsa. Kin ga ganyen sama ya haye mahaɗar da ke ƙasa, shi ne zai ɗinke ta. Tsinin nan takwas da ke haɗuwa a tsakiya ba sa taɓa zama daidai, kuma suna karyewa wajen yanka. Ki cire santimita ɗaya daga kowanne da filaya, ramin da ya rage ki cike shi da ɗan zagayayyen gilashi ko tsakin gilashi, ya zama ƙwayar furen. Falle ɗaya na fari mai 30 da 30 da falle ɗaya mai launi sun isa, kuma kwanon zai zo wajen rabin kilo. Ki fara zana komai a kwali ki yanka ki jera, kafin ki taɓa gilashi.

Gashin farko a shimfiɗe ake yi, a kan allon tanderu, ba a cikin mazubi ba. Digiri 220 a awa zuwa 663, a tsaya minti 30 zuwa 45 don hawan sama ya kwanta a hankali ya kori iskar da ke tsakani. Daga nan 330 a awa zuwa 805, minti 10. A bar shi ya sauko da kansa zuwa 482 ba tare da buɗe murfi ba, a tsaya awa ɗaya, ko ɗaya da rabi tunda akwai lunguna tsakanin ganye. Sai digiri 55 a awa zuwa 371, a kashe. Kada a buɗe sai ya sauko ƙasa da 50. Kowane tanderu da halinsa, wani yana zarce abin da allonsa ke nunawa da digiri goma ko fiye, don haka a fara gwadawa da guntaye biyu a ga ko gefensu ya zagaye sumul.

Hodar da ta manne a gindi ma daga nan take: 780 ya yi wa mazubi yawa. Lotsawa, wato sa gilashi ya yi laushi ya kwanta a cikin mazubi, ba ta bukatar ko kusa da haka.

Gilas_Tis'in

Baba ya yi bayanin kauri yadda ya kamata, amma ni hankalina ya fi tsayawa a kan ruwan ɗorawar nan da ba a san asalinta ba. Ko da an yi anilin na awa goma, idan gilasan biyu ba jinsi ɗaya ba ne, kwanon zai fashe.

Kowane gilashi yana da gwargwadon yadda yake buɗewa da zafi ya tsuke da sanyi, ana rubuta shi da lambar COE. Bullseye ana lissafa shi a 90. Na Oceanside, wanda a da ake sani da System 96 na kamfanin Spectrum, 96 ne. Gilashin taga yana ƙasa da su duka, wajen 80 da 'yan kai, kuma yana bambanta daga masana'anta zuwa masana'anta. Mai launin da ake sayarwa don ƙawata taga ba a gwada shi don narkawa ba sam. Idan aka manne biyu da suka saɓa, wajen hucewa ɗaya zai tsuke fiye da ɗaya, mahaɗarsu ce za ta ɗauki wahalar. Har 90 da 96 ba a haɗa su.

Malama, ki ɗauko ɓarin kwanon ki duba tsagar, ita za ta faɗa miki gaskiya. Idan ta bi iyakar ja da ruwan ɗorawa kamar an zana ta da biro, ko kika ga ƙananan tsagu sun kewaye launi ɗaya, rashin jituwa ne. Idan ta ratsa launukan duka ba ruwanta da iyaka, ta yi lanƙwasa kamar maciji, ƙarshenta ya karkata kamar ƙugiya, ƙarancin anilin ne. Wadda ta taso daga wuri ɗaya a gindi ta bazu kamar saƙar gizo-gizo, mannewa da mazubi ce. Ki kuma shafa bakin tsagar a hankali. Mai kaifi bayan an gama gashi ta faru. Wadda bakinta ya zagaye tun ana hawa ta tsage, wuta ta lashe kaifin.

Akwai gwaji mai sauƙi kafin a yi asarar falle guda. A yanka farin Bullseye mai faɗin santimita 4 da tsawo 15, a ɗora masa 'yan guntayen gilashin da ake tuhuma, kowanne kamar girman farce, a gasa su har su narke su shige. Idan ya huce, a buɗe farin shafi a allon kwamfuta, a kara gilashin a gabansa, a duba ta cikin tabarau mai tace haske, irin na direbobi da masunta, ana juya tabaran har allon ya yi baƙi. Guntun da ya jitu zai zauna shiru cikin duhu. Wanda bai jitu ba za a ga haske ya kewaye shi, musamman a kusurwoyinsa, kamar wata ya yi lema. Mai hasken nan a ware shi.

Batun hazo kuwa, saman gilashin ne ya fara komawa ƙanƙara-ƙanƙara, kuma datti ne yake ba shi wurin kamawa: man abin yanka, shatin yatsa, tawadar maka, garin da injin goge baki ke bari. Launuka marasa nuna haske sun fi saurin yi. A wanke kowane yanki da sabulun wanke-wanke, a ɗauraye, a goge da sifirit da tsumma marar gashi, daga nan a riƙa kama shi ta gefe. Ruwan rijiya ko na burtsatse mai gishiri-gishiri yana barin tabo idan ya bushe da kansa, gara a yi ɗaurayar ƙarshe da tataccen ruwa a goge nan take. Lokacin hunturu ko minti goma aka bar aiki a buɗe ƙura ta sauka, sai a jera a rufe murfi. Kada kuma a yi jinkiri tsakanin 700 da 790, a hawa ko a sauka, nan ne hazon ke samun lokacin girma.

Ummu_Fure

Allah ya saka da alheri, Baba da Malam. Na duba: tsagar ta bi gefen ganyen ruwan ɗorawa guda biyu daidai, sannan ta ratsa tsakiya, bakinta da kaifi. Ke nan duka biyun ne. Saura batun mazubi. Akwai wani kwanon silba mai kyan siffa a kicin, zai yi? Kuma ina so in sa shuɗi mai ruwan bula kusa da ja a na gaba.

Hajiya_MaiZane

Ƙanwata, ki tabbatar da ko wane irin ƙarfe ne kafin ya shiga tanderu, don abin da muke kira silba a kasuwa iri-iri ne. Alminiyom yana narkewa a digiri 660, daidai wurin da ake lotsa gilashi, zai zube miki a ƙasan tanderu. Kwanon samira fentin jikinsa shi ma gilashi ne, zai manne da aikinki. Ƙarfe mai rufin zinki yana fitar da hayaƙi mai cutarwa. Sitenles kaɗai ne zai yi.

Shi ma da ƙa'idarsa. Sitenles ya fi gilashi tsukewa idan yana hucewa, yumɓu kuma bai kai gilashi ba. Saboda haka yumɓu a cikinsa ake lotsawa, gilashin ya tsuke ya saki bango da kansa. Sitenles kuwa kifa shi ake yi a lulluɓa gilashin a bayansa, ƙarfen ya tsuke ya zame daga ciki. Idan aka juya, aka lulluɓa a bayan yumɓu, gilashin zai rungume shi ya tsage. Idan aka lotsa a cikin sitenles mai miƙaƙƙen bango, ƙarfen zai matse shi.

Ga furen da Baba ya tsara, ni na fi son mazubin yumɓu marar zurfi, santimita 4 zuwa 5, mai gangara a hankali, faɗinsa 25 ko 26, kada gilashin ya zarce bakinsa. Mai zurfin 7 ɗin nan ya yi tsayi. Ganyen da ke rarrabe kowanne zamewarsa daban yake yi, a bango mai tsayi wani zai riga wani, kwanon ya fito a karkace. Kuma a nan zan ɗan saɓa wa Baba: idan ganye suka tashi sama suna matsowa kusa da juna, don haka daga inda tsawon ganye ya kai santimita 7 a fara rage faɗinsu nan da nan, kada a bar musu kafaɗa. Idan kafaɗun suka haɗu a mazubi za su hau juna. Lungun da ke tsakanin ganye biyu kuma a duba shi bayan gashin farko, ya zama ya zagaye kamar harafin U. Idan ya tsaya da tsini kamar V, daga nan tsaga take farawa, a ɗan buɗe shi da fayil mai daimon a cikin ruwa.

Shafen mazubi garin alumina ne da farin yumɓu. Na Bullseye awo ɗaya na gari ake dama shi da awo biyar na ruwa, ya yi kamar madara. A shafa sau biyar da burushi mai laushi, kowane shafi ta wata fuska daban, a busar a tanderu a 260 na minti 20. Bayan nan a sa siririyar waya a buɗe 'yan hujojin da ke gindin mazubi, don shafen yana toshe su. Idan suka toshe, iskar da ke ƙarƙashi ba ta da mafita, sai ta tura gindin kwanon sama ya yi ƙulu. A ɗora mazubin a kan 'yan duwatsun tanderu uku don iska ta wuce ta ƙasa. Ruwan shafe ba ya kama sitenles mai sanyi, sai an ɗumama shi, ko a yi amfani da feshin boron naitiraid.

A sa ma'aunin magina mai ƙwayar ruwa a kan gilashin bayan an ɗora shi, ta fuska biyu. Abu kaɗan ne, amma karkatattun kwanuka da yawa daga nan suke.

Wutar lotsawa: 150 a awa, tunda yanzu dunƙule ɗaya ne mai milimita 6 kuma yana rataye a kan rami, zuwa 640. Daga 620 a fara leƙawa ta hujin leƙe duk minti biyar, da tabaran walda mai lamba 3. Za ki ga hasken wayoyin tanderu da ke kwance a saman gilashin ya fara lanƙwashewa, tsakiya ta sauka, ganyen su ɗaga kai kaɗan daga bakin mazubi sannan su kwanta. Da zarar gindi ya zauna, a tsallake zuwa anilin. Yakan ɗauki minti 10 zuwa 30. Idan ya ƙi sauka a ƙara lokaci, kada a ƙara wuta, don wuta mai yawa ce ke kwafe shatin burushi a bayan kwano. Anilin ɗin a maimaita shi cif kamar na farko, domin duk gashin da ya wuce 482 ya shafe na baya.

Shuɗi mai ruwan bula yawanci da jan ƙarfe ake rina shi, ja da ruwan ɗorawa da ruwan lemo kuma da sulfa ko seleniyom. Inda suka taɓa juna a wuta baƙin layi mai ruwan ƙasa yake fitowa. Wasu da gangan suke nemansa don ya zana gefen ganye, kuma yana kyau. Idan ba a so, a raba su da siririn farin gilashi. Waɗannan launuka masu zafi sukan ƙunshi kadmiyom, don haka kwanon na ado ne. Idan za a zuba dabino ko alewa a ciki, a juya jerin: launi a ƙasa, fari a sama.

Injiniya_Wuta

Abu ɗaya da jadawalin Turawa ba ya lissafawa shi ne ɗauke wuta. Gashin farko da Baba ya bayar yana cin awa takwas zuwa tara kafin a kashe. Tanderun da zai ɗauki aikin santimita 24 yakan ja kilowat biyu zuwa uku, don haka janareta mai kVA 5 shi ne daidai, a kan layinsa shi kaɗai, da waya mai kauri. Ƙaramin janareta yana sauke ƙarfin wuta, tanderu ya yi ta jan ƙafa a tsakanin 700 da 790, wurin da Malam ya ce hazo ke girma.

Idan wuta ta ɗauke, kada a buɗe murfi ko da leƙe. In ana hawa ne, a duba zafin da ya rage a ci gaba daga nan da saurin da aka fara da shi. In a tsakiyar anilin ne ko lokacin saukowa zuwa 371, kuma zafi ya faɗi da sauri, ba a ɗorawa daga inda aka tsaya. A mayar da shi sama a hankali, digiri 80 zuwa 100 a awa, har 540, a tsaya minti 20, a sauko 482 a sake anilin daga farko. A 540 kwanon ba zai sauya siffa ba. Wasu na'urorin sarrafa zafi suna ci gaba da kansu idan wuta ta dawo, wasu suna komawa sifili, a san halin tata tun kafin ranar.

Ummu_Fure

Na gode ƙwarai, Hajiya, na gode Injiniya. Tambaya ta ƙarshe: tunda gilashin waje yana da tsada, za a iya yin furen da gilashin taga zalla, ko da kwalabe kamar yadda masu aikin gilashi na Bida ke yi?

Baban_Tanderu

Za a iya da na taga, Malama, kuma shi ya fi dacewa da koyon yanka da jeri. Sharaɗin shi ne duk yankan su fito daga falle ɗaya, ba daga ragowar shago da aka tsinto ba. Ya fi tauri, don haka wutarsa ta fi: haɗewa wajen 830 zuwa 840, lotsawa wajen 680 zuwa 700, anilin wajen 545. Ya fi saurin yin hazo, sai an tsananta wanki. Fuskarsa ɗaya tana ɗauke da ɗan kuza, saboda a kan narkakken kuza ake shimfiɗa shi a masana'anta. A ɗiga ruwa a kowace fuska bayan an wanke: inda ɗigon ya tsaya a dunƙule nan ne fuskar kuza, inda ya baje ita ce ɗayar. A sa alama, a jera duka ta fuska ɗaya, ta kuzan tana kallon ƙasa. Launi kuma sai da garin gilashin da aka yi musamman don na taga, ko a sa siririyar wayar jan ƙarfe tsakanin hawa biyu ta zama jijiyar ganye. Gilashin da aka ƙarfafa da wuta, irin na ƙofa da gefen mota, ba ya yankuwa, rugujewa yake yi. Na gaban mota yana da roba a tsakiya, madubi kuma yana da shafe a baya, duka a bar su.

Aikin Masaga na Bida daban ne. Su narkar da gilashin suke yi sosai su naɗe shi a jikin ƙarfe ya zama dutsen ado ko awarwaro, kuma ƙaramin abu yana jure bambancin da faffaɗan kwano ba zai jure ba. Kwalabe biyu masu launi ɗaya ma suna iya saɓawa. Idan da kwalba ake so, sai a yi ƙaramin fure daga kwalba guda: a yanke gindi da wuya, a raba jikinta a tsaye gida shida, a fara shimfiɗar da ɓarin a tanderu su miƙe, sannan a jera su a kan gindin kwalbar ya zama tsakiya. Faɗinsa ba zai wuce santimita 15 zuwa 18 ba, kuma tunda gindin kwalba ya fi jikinta kauri, a yi masa anilin na awa biyu.